Bawa Mai Tasa da Baƙinsa

Ni da Bawa taubasai ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Sunana Sule. Shekara talatin da ɗoriya rumfata ta gyaran rediyo tana kallon kantinsa a Layin 'Yan Tasa, nan Kaura Namoda, bayan tsohuwar tashar jirgi. Na san shi da taurin kai, da son a ce ya iya, da wata irin kunya da ta wuce misali. Ina ƙaunarsa, kuma har yau ina jin haushinsa. Ina jin haushin kaina ma, za ku ji dalili.

Bawa gajere ne mai faɗin kafaɗa, da manyan kunnuwa waɗanda hula ba ta taɓa iya rufewa ba. Ya gaji kantin daga tsohonsa, wanda ya fara da tallar tasa a ka tun jirgi yana kawo kaya daga Zariya yana komawa da gyaɗa. Kayan ɗakin mata yake sayarwa: kwalla, langa, samira, fanteka, da tukwanen silba manya da ƙanana. Karatun bokonsa bai wuce aji huɗu ba, amma in ya ƙwanƙwasa langa da farce ya kara ta a kunne, sai ya gaya maka ko tana da tsaga a ƙarƙashin fenti. Na sha ce masa ai irin kunnuwan nan dole su yi wani aiki, ba za a ɗauki kaya haka a banza ba. Shi kuma ya ce da ni mai gyaran abin da bai lalace ba.

Layin kanti goma sha biyu ne, shida na kallon shida. Da kaka, in mutanen ƙauye sun sayar da amfanin gona suka shigo haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu, sai ka karkace kafin ka wuce. Daga Sakajiki ake zuwa, daga wajejen Zurmi, har daga tungayen Shinkafi. Mata su zauna a tabarma suna jera kwalla ƙarama kan babba suna gardama, maza su koma gefe suna shafa aljihu suna kallon sama.

Amma ba ciniki kaɗai ya riƙe layin ba, masauki ne. Kowane mai kanti yana da baƙinsa, kuma gadon abin ake yi daga uba zuwa ɗa. Mutumin ƙauye in ya shigo gari, kantin maigidansa zai fara dira. Nan zai ajiye kaya, ya ɗaure jaki ko ya jingine babur, ya sha fura, ya yi salla, in ya makara ya kwana a ɗakin baya. Abin da yake nema in babu a kantin, maigidan ne zai tashi ya nemo masa. Ba a tambayarsa yaushe zai koma. Sai ranar da shi da bakinsa ya ce gobe zai kama hanya, sannan maigida zai ɗaure masa guzuri: ƙullin gishiri, goro a ganye, wani lokaci da sabulu. Wanda ya karɓi guzurin nan an yi sallama da shi ke nan, ba abin da ya rage sai hanyar gida.

Cikin baƙin Bawa babu kamar Usmanu, mutumin Tungar Marke, wata 'yar tunga gaba da Badarawa. Ubansa ma a wurin uban Bawa yake sauka. Dogon mutum ne marar magana, manomin gero da dawa, yana da 'yan tumaki. Duk kaka sai ya aiko da dami biyu na gero kafin ya zo da kansa. Bawa yana ce masa Manu, shi kuma yana ce masa Maigida, ko da yake ya girmi Bawa da shekara uku. Suna iya zama kan benci ɗaya tun hantsi har azahar ba su yi magana goma ba, in sun tashi kowa ya ce yau an sha hira. Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, abin har mamaki yake ba ni.

Masu ilimi suna cewa tattalin arziki ne ya karye. Mu dai abin da muka gani shi ne, kullum in ka je awo kwanon ya ƙara tsada. Sai hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, mutum ya fito daga gida da safe ba shi da tabbacin isowa gari. Aka yi shekarar da aka rufe kasuwannin mako aka kashe layin waya. Aka yi lokacin da takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, sannan man fetur ya tashi bai sauko ba. Duk wannan mun daure, muna cewa iska ce za ta wuce.

Da abubuwa suka ɗan lafa muka share ƙofofi muka zauna muna jiran mutane su dawo. Ba su dawo ba. Ba wai duk sun mutu ba ne, hali suka canja. Wadda za ta aurar da 'ya yanzu ba ta neman jeren kwalla, kula ɗaya ta zuba abinci take saya da bokitin roba da faranti shida, ta ce sauran a sayi abinci. Waɗanda suke da ɗan hali kuma a waya suke ganin kaya. Wata mata a Gusau ko Kano ta ɗauki hoto ta tura, a zaɓa daga kan gado, mai babur ya kawo har ƙofar gida. Sauran ciniki ya koma bakin titi kusa da tashar mota, inda masu cire kuɗi suka kafa lemarsu. Mutum ya sauko daga mota, ya cira, ya saya, ya koma mota, ko cikin gari bai leƙa ba.

Har matar Bawa, Lubabatu, a waya ta sayi kula. Sati guda yana cin tuwo daga cikinta kafin ya lura ba daga kantinsa ta fito ba. Ya zo yana gaya mini kamar wanda aka yi wa sata. Na yi dariya har na ƙware, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin ni ma rabona da a kawo mini rediyo na manta. Tocila nake gyarawa da cazar waya.

Kantuna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Biyu daga masu su sun rasu, ɗaya ya koma Gusau wurin ɗansa, ɗaya ya kama acaba da furfurarsa, sauran suka bi ciniki bakin titi. Kowa in zai tafi sai ya damƙa wa Bawa mabuɗi, don shi ne babba a layin. Ya haɗa su a igiya ɗaya ya rataya a ƙusa bayan ƙofarsa. Shi kam ko a mafarki bai yarda layin ya mutu ba. Kullum da safe sai ya fito da kayansa ya goge su da tsumma ɗaya-ɗaya ya jera, da la'asar ya mayar. Burinsa a duniya ya ga layin nan ya cika kafin ya bar ta, kuma ba ya ɓoyewa.

Wata bazara, da hantsi, sai ga Usmanu a ƙofar kanti. Ba da dami ya zo ba. Da matarsa Saude ya zo, da surukai mata biyu, da jikoki, su goma sha ɗaya, da akuya guda da tabarmi a naɗe. 'Yan bindiga sun shiga Tungar Marke sun kore dabbobi sun ƙone rumbuna, 'ya'yansa maza kuma suna can kudu wurin cin rani. Bawa bai tambaye shi komai ba. Ya sauko da igiyar mabuɗai ya buɗe kantin da ke jikin nasa, ya aika gida a dama fura.

Kafin wata ya zagayo, duk kantuna bakwai sun cika. Mutanen tungayen can ne suka riƙa isowa, kowa ya tsaya a ƙofar maigidansa ya tarar da kwaɗo. Bawa ya bi su ɗaya-ɗaya yana buɗe wa kowa kantin da ubansa yake sauka, ko da mai kantin yana kabari. Layi ya cika da mutane yadda yake roƙo, kuma su ne dai mutanen da muka yi shekaru muna jira. Sai dai ba sayayya suka zo ba. Hayaƙin girki ya maye gurbin ƙarar tasa, aka ɗaura igiyar shanya daga rumfata zuwa kantin da ke gefe, kaji suna bin ƙafar mutum.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya dame ni. Na yi ta mita a kan hayaƙi da kukan jarirai. Amma Bawa ya yi ƙiba a watannin nan. Ya raba wa matan tukwane daga cikin kayan sayarwa, ya ce aro ne, kowa ya san ba aro ba ne. Usmanu yana fita ƙwadago da safe, dako ko yaɓe, da yamma ya dawo ya zauna kan bencin nan su yi shirunsu. Haka suka ci damina, suka ci kaka, suka shiga wata bazarar.

A nan ne Mahmud ya shigo labarin. Ɗan ɗaya daga masu kantin da suka rasu ne, injiniya a Abuja, mutum mai ladabi. Shi da abokansa 'yan asalin gari sun kafa ƙungiya, sun ce za su farfaɗo da tsakiyar gari, kuma da layinmu za su fara don nan iyayensu suka yi suna. Ya durƙusa gaban Bawa ya nuna masa zane a waya: sabon kwano, fenti shuɗi da fari, fitilu masu aiki da hasken rana, daɓen siminti, da babban allo a bakin layi. Ya ce sun yi magana da masu kemis da masu sayar da waya da teloli, in wuri ya yi kyau za su shigo, in sun shigo mutane za su biyo su.

Ina kallon kunnuwan Bawa har motsi suke yi don murna.

Sannan Mahmud ya sassauta murya. Ya ce, "Sai dai Baba, akwai magana ɗaya. Ba za a yi aiki mutane na kwana a ciki ba, kuma ɗan kasuwa ba zai kama kanti kusa da murhu ba. Akwai wani gini can bayan gari da ba a gama ba, wasu 'yan gudun hijira suna ciki. Mun yi magana da mai shi, za mu sa ƙofofi da tankin ruwa. In sun koma can kafin ruwa ya sauka, sai mu fara."

Ba mugun nufi gare shi ba, kuma na je na ga ginin da idona, ba laifi. Abin da ake bukata kawai shi ne Bawa ya zaunar da Usmanu ya gaya masa yadda ake ciki, don duk inda Usmanu ya sa ƙafa sauran za su bi. Maganar minti biyar ce. Bawa ya yi mako biyu bai yi ta ba.

Na same shi a kanti na ce, "Kai Bawa, mi kaka jira? Yaron ga na bugo waya kullum."

Ya ce, "Da wane baki za ni hwaɗa mai? Uba nai bai taɓa jin haka ga ubana ba."

Na ce, "Uba nai bai shekara guda da akuya cikin kanti ba. Ba kora ta ba, canjin ɗaki na. In kab bari wagga dama ta wuce, ni da kai sai mu tai bakin titi mu saida ruwan leda."

Na faɗi haka, kuma ba sau ɗaya ba. Ni ma fentin nake so, ina son in ga rumfata da fitila. Kullum sai na zuga shi, kullum sai ya ce gobe. Yana son layin kamar ransa, amma harshensa ya ƙi ɗaukar kalmar. Sai ya nemo hanyar da yake ganin za ta yi masa maganar ba tare da ya buɗe baki ba.

Wata Talata da safe na ga ya dawo daga kasuwa da leda babba. Ya zauna a ƙasa ya ƙulla gishiri kashi bakwai, ya naɗe goro a ganye kashi bakwai, ya ɗora wa kowanne sabulu. Na ajiye abin da ke hannuna. Na san abin da nake gani, kuma da na tsallaka layin nan taku goma da na hana shi. Ban tsallaka ba. Na ce a raina tunda bakinsa ya kasa, bari hannunsa ya gwada.

Daga baya ya gaya mini niyyarsa ita ce ya miƙa guzurin, in Usmanu ya tambayi dalili sai maganar ginin bayan gari ta fito da sauƙi. Wai guzurin ne zai buɗe masa ƙofar zance. Mutumin da ya tashi cikin al'adar nan tun yana rarrafe, shi ne ya yi wannan tunani.

Usmanu yana zaune kan benci yana gyaran igiyar takalminsa. Bawa ya zo ya ajiye ƙullin a gabansa. Usmanu ya dubi gishirin, ya dubi goron. Bai ɗaga kai ya dubi Bawa ba. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauka ya ɗora a cinyarsa.

Ya ce, "Madalla, Maigida. Allah shi saka da alheri."

Bawa ya ce, "Manu, ba wai... akwai wani wuri can bayan gari, anka ce..."

Usmanu ya katse shi, abin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya ce, "A'a Maigida, ka yi. Ko wanda munka hito ciki ɗaya, iyakar abin da za shi yi ke nan. Ni ma dama ina son in hwaɗa maka, damana ta matso, gona na jira. Gobe in Allah ya so mu kama hanya."

Ƙarya yake yi, kuma don Bawa ya yi ta. In ya karɓi guzuri ya koma wani gini cikin gari, kowa zai gan shi a kasuwa da masallaci, a ce ga baƙon da Bawa ya kora. In kuwa ya koma gida, sai a ce baƙo ya yi sallama, maigida ya ɗaure masa guzuri yadda aka saba. Ya rufa wa maigidansa asiri ne da ƙafafunsa. Bawa ya gane haka sarai, don na ga fuskarsa. Amma in ya ce kada ka tafi, dole ya faɗi abin da ya sa ya ba da guzurin da ba a nema ba, kuma wannan shi ne abin da ya kasa faɗi tun farko. Tsofaffi biyu, kowa na tsaron kunyar ɗan'uwansa, ga ni na uku a gefe ina kallo kamar gunki. In na tuna ranar nan raina ɓaci yake yi.

Washegari da hantsi suka hau motar kanta mai zuwa Shinkafi. Cikin gida bakwai, biyar suka bi Usmanu suka koma tungayensu, biyu kaɗai suka tafi ginin bayan gari. Saude ta wanke tukwanen da aka ba su ta jera a ƙofar kantin Bawa, ya ce ta ɗauka, ta ce sun gode. Matan sun share kantunan tas kafin su fita, har toka sun kwashe.

Mahmud ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka sa kwano, aka yi daɓe, aka shafa fenti, aka kafa fitilu shida. Ranar buɗewa aka kawo rumfuna da kujeru da lasifika, aka ci shinkafa, aka yi jawabai a kan yadda kasuwanci zai dawo tsakiyar gari. Bawa ya sa sabuwar riga ya tsaya a gaba aka ɗauke shi hoto. Mutane sun cika layin ranar har bakin titi, kuma da aka gama rabon abinci suka watse.

'Yan haya biyu suka shigo, mai kemis da mai sayar da kayan waya. Mai kayan waya ya yi wata biyu ya kwashe. Mai kemis ya daure har bayan salla, sannan ya zo ya yi wa Bawa sallama, ya ce wuri ya yi kyau ƙwarai amma ba mai wucewa. Gaskiya ya faɗa. Wanda ya saba saye a waya ko a bakin tasha ba abin da zai kawo shi bayan tashar jirgin da jirgi ba ya zuwa, ko da zinariya aka shafa. Masu sayen tasa na gaskiya, waɗanda kakanninsu suka san layin, su ne muka ɗora a motar kanta. Mahmud ya bugo waya sau biyu yana tambaya, daga nan ƙungiyarsu ta koma gyaran wata makaranta.

Da kaka labari ya zo ta bakin wani direba. An tarar da gawar Usmanu a gonarsa shi da mutum biyu, suna yankan gero 'yan bindiga suka zo musu. Gero ya yi kyau a shekarar, in ji direban. Bawa ya so zuwa ta'aziyya, ba motar da ta yarda ta wuce Badarawa. Sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar kantinsa ya zauna kwana uku kamar mai karɓar gaisuwa. Ni na zauna da shi, liman ya leƙo sau ɗaya. Ba wanda ya san mutuwar tasa ce balle ya zo ya gaishe shi. A kwana ukun nan ban tsokane shi ba. A rana ta uku ya ce, "Sule, ni nik kashe shi." Na ce ajali ne. Ya ce, "Na sani. Amma ni niɗ ɗaure gishirin."

Bayan wata biyar, ana tsakiyar zafi, da azahar, na ga wata mata ta shigo layin da yara uku a bayanta da ƙunshi a ka. Ta tsaya tana duban fentin kamar ta ɓata hanya. Saude ce, ta fita takaba. Ta rame har sai da ta yi magana na tabbatar. Ba ta hau daɓen kantin ba, a rana ta durƙusa ta gai da Bawa, ta tambayi Lubabatu da yara, gaisuwa cikakkiya ba ta rage komai ba. Ta ce tunga ta watse gaba ɗaya, 'ya'yanta maza ba su dawo daga kudu ba, surukanta sun tafi gidajen iyayensu, ita da jikokin nan ne suka rage.

Bawa bai bari ta gama ba. Ya fizgo igiyar mabuɗai daga ƙusa har ƙusar ta fita, ya nufi kantin da suka zauna a da. Ya ce, "Taho, taho ku shiga. Ga ɗakinku nan, yanzu ma ba shi yoyo. Ku zauna hal ranad da Allah yay yi."

Ba ta tashi daga inda take ba. Ta ce, "Maigida, gaisuwa ɗai niz zo yi. Mun samu wuri can tasha, bayan rumhwar masu lemu."

Ya ce, "Tasha? Ina wurin kwana tasha? Ruwa na tahe, Saude."

Ta ce, "Malam, Allah shi jiƙan shi, yac ce min tun muna cikin mota ran nan, ko bayan rai nai kada mu sake ɗora maka nauyi. Yac ce ka yi muna abin da ba kowa ka yi ba, kuma kai ma kana da naka. Ba ni iya taka magana tai."

Babu fushi a muryarta, ko kaɗan. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya riƙe da mabuɗai yana roƙonta, dattijo mai furfura, har ya ce don Allah don Annabi. Ta yi masa addu'a, ta ɗora ƙunshinta, ta kama hannun ƙaramin suka fita ta inda suka shigo.

Tun ranar Bawa bai sake fito da tasa ya goge ba. Da la'asar ya bi kantuna bakwai ɗin ya buɗe su duka, ya cire kwaɗunan ya zuba mini a rumfa, ya ce duk wanda ya zo neman wurin kwana in nuna masa ƙofa, kada in tambaye shi daga ina yake. Yanzu ya fi zama a gida, ƙafa ta fara ba shi wahala. Wani lokaci yakan zo ya zauna a kantin ba tare da ya buɗe kaya ba.

Ni kuma na je tasha da kaina, ba sau ɗaya ba. Akwai mutanen ƙauye da yawa a can, suna kwana ƙarƙashin tirela da bayan rumfuna, in ruwa ya zo su tashi tsaye su rungumi yara har ya ɗauke. Na gaya musu akwai ɗakuna bakwai a Layin 'Yan Tasa, da sabon kwano da fitila, kyauta. Suka yi mini godiya sosai. Wani tsoho daga wajejen Zurmi ya tambaye ni ko nan ne layin da ake ba baƙo guzuri bai ce zai tafi ba. Na ce nan ne. Ya ce to, Allah ya saka, za su yi shawara.

Wata biyar ke nan ƙofofin suna buɗe. Kullum da safe nakan leƙa ɗaya bayan ɗaya kafin in buɗe rumfata. Ba wanda ya shiga.